Ƙafar Kyamarar Baba

Babana mai hoto ne. Tun kafin a haife ni yake tsayawa a bakin gadar tsakiyar birni, yana ɗaukar mutane hoto, kogi a bayansu. Ni kuma fim nake yi, irin wanda babu kamfani, daga ni sai abokaina da kyamarar aro.

Bara hukumar birni ta fito da doka. Duk wanda zai kafa ƙafar kyamara a ƙasa a bakin hanya sai ya nemi izini, izinin kuma na yini ɗaya ne, don manyan kamfanoni aka yi shi. Wanda ya riƙe kyamara a hannu, babu ruwan kowa da shi. Mu 'yan fim muka yi ta ƙorafi, daga baya muka saba. Baba ne abin ya kama, saboda hannunsa ya fara rawa. In ba a kan ƙafar nan mai yatsu uku ba, hotonsa fitowa yake kamar an leƙa mutum ta cikin ruwa. Ya gwada da hannu, aka yi ta dawo masa da hotuna. Wata mata ta ce, "Malam, wannan ni ce ko aljanata?"

Ran nan da safe na same shi a falo yana goge gilashin kyamara, ko takalmi bai sa ba. Mama ta ce, "Maigida, yau hutu ne?"

Ya ce, "Ƙila har gobe."

Sai na gaya masa dabarar da muke yi a wurin fim. Na ce, "Baba, doka a ƙasa ta hana, ba ta ce a kan takalmi ba. A kan takalmi muke ɗora ƙafar kyamara."

Ya ce, "To, ƙafafuna biyu, ita kuma uku."

Na ce, "Ga tawa."

Muka je gada. Baba ya ɗora yatsu biyu a kan takalmansa, na uku a kan nawa. Na ce masa kada ya motsa sai mun ɗage ta tare. Jami'in birni da ke kula da wurin, wanda ake kira Mai Usur, ya zo ya sunkuya ya duba.

Ya ce, "Wannan aikin 'yan fim ne."

Na ce, "Yallaɓai, ta taɓa ƙasa?"

"Ba ta taɓa ba. Amma ni ma ba inda za ni." Ya jingina da ƙarfen gada yana kallonmu.

Aiki ya tafi daidai har wajen azahar. Sai ga wani direban bas cikin sabbin kayan aiki, ya ce hoton da zai aika wa mahaifiyarsa yake so. Ya tsaya, ya buɗe ƙirji. Baba ya leƙa ta kyamara ya ce, "Samari, gyara kwalarka." Direba ya gyara ɓangaren da lafiyarsa lau. Baba ya ce, "Ɗayar." Ya ƙara lanƙwasa ta.

Baba bai taɓa ɗaukar mutum da karkatacciyar kwala ba. Bai ma san ya taka ba, ƙafarsa ce ta tafi da kanta, yadda ta saba. Yatsu biyu suka sauka a siminti, ƙwas. Na cafe kyamarar.

Mai Usur bai busa usur ba. Ya jira Baba ya gama gyara kwalar, sannan ya kwance ƙafar, ya naɗe ta a hankali, ya saƙale a hammata.

Ya ce, "Baba, sai haƙuri. Da ka bar masa kwalarsa."

Baba ya ce, "Uwarsa ce za ta gani."

Direba na nan tsaye, murmushi ya fara bushe masa a fuska. Baba ya dubi hannunsa, ya dube ni. Ya ce, "Juya baya. Rusuna kaɗan." Ya ɗora kyamara a kafaɗata. "Riƙe numfashi."

Mai Usur ya dubi ƙafafuna a kan siminti, ya ɗan yi tunani, ya wuce abinsa.

Hoton ya fito tas. Yanzu a gada nake yini, fim ɗinmu kuma ya koma bayan la'asar, in da sauran haske. Abokaina Ƙafa suke kira na. Baba kuwa ya ce ta ƙarfen ta fi ni, ita ba ta atishawa.