Gidan da Ba Shi da Lamba

Don Bismarck, shugabanmu a ofis, ya tsotse maiƙon nacatamal, wato dafaffen ƙullin masara da nama, daga yatsunsa, sannan ya dangwala ɗan ali a gilashin kwamfutata. Tabon ya zauna daram a kan aikin da na sha wahalarsa.

"Yahoska, wannan wane irin shirme ne? Adireshi guda kin raba shi gida uku?"

"Yallaɓai, ai ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai titi da lamba, akwai na gona, akwai na kwatance irin namu. Manhajar da ke jera bayanai a rumbun kwamfuta sai an gaya mata wane iri ne, ta ba kowanne gurbinsa."

"Shi ya sa take tafiyar hawainiya! Kamfanin iskar numfashin nan da muke yi wa aiki, sauri suke son gani. Titi, lamba, shi ke nan."

"Marasa lamba fa?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ina hango ɓarɓashin masara a haƙoransa. "Su koma gida mai lamba mana."

Na kafe. Ya ɗaga hannu ya ce ya ji, a bar shi yadda na yi. Ashe ta ciki na ciki.

*

Babana Eulalio, ƙurar siminti ta gama da huhunsa. Tukunyar iska ce ke riƙe da ransa, kamfanin nan kuma shi ke kawo sabuwa kafin tsohuwa ta ƙare. Adireshinmu: daga inda mangwaro yake a da, layi biyu wajen tafki, koriyar ƙofa. Tun ba a haife ni ba aka sare mangwaron, amma a birninmu Managua ko makaho zai kai ka.

A makon da sabon tsari ya fara aiki Mama ta kira ni a ofis.

"'Yar nan, motar ba ta zo ba. Tukunyar ta kusa ƙarewa, babanki da ƙyar yake ja."

Na buɗe rumbun. Sunan Baba na nan, gurbin adireshi wayam. Don Bismarck ya lallaɓa da kansa ya goge iri biyun. Manhaja kuwa ba ta da bakin musu, duk abin da ba titi da lamba ba ta watsar. Unguwanni sukutum sun ɓace.

Na kira kamfanin iska.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, ba adireshi ba direba."

"Direbanku Wilmer ya san gidan! Kofi yake sha a tsakar gidanmu!"

"Ai yanzu na'ura ke raba hanya."

A ɗakin taron ofishinmu tafi ake yi raf-raf, Don Bismarck yana nuna wa baƙi saurin manhajarsa, bakinsa na ƙyalli. Tir! Na fita a guje, na yi ta zagaye gari har na samo aron tukunya. Da na shiga da ita, na tarar Mama ta riga ta cire robar iskar daga hancin Baba, tana naɗe ta a hannu.

*

Don Bismarck ya aiko furanni, manya-manya, da sunan kamfani ɓaro-ɓaro a jiki. Mai kawowa bai ko nemi gidanmu ba, maƙabarta ya wuce kai tsaye, kuma bai sha wuyar gano mu ba. Layi na sha huɗu, kabari na tara.

Mama ta daɗe tana kallon allon simintin. Ta sa gefen mayafi ta goge ƙurar da ke kansa.

"To, Eulalio," ta ce a hankali, "yau dai ka samu lamba."