Awon Hannun Hajja Gana

Kwana biyar Siddiƙa ta yi a gidan Hajja Gana da ke Hausari, tana dakan kajiji da wanke farcen turare, ba a taɓa barinta ta matsa kusa da murhu ba. Hajja ta shekara talatin tana haɗa turaren wuta. Ta ce gwajin na mako guda ne, kuma ranar Asabar za ta faɗi ko ta ɗauke ta aiki.

Siddiƙa ta san dalilin da ya sa ake nisanta ta da wuta. Tun ranar farko ta miƙa takardar shaidar horon wata tara da ta yi a wata cibiyar koyon sana'a a Dala, sannan ta faɗa da bakinta cewa ta yi jinyar ciwon ƙwaƙwalwa, tana shan magani, kuma duk Talatar farko ta wata takan je ganin likita. Gidaje biyu sun riga sun sallame ta a kan wannan maganar. Duk da haka ba ta ɓoye ba.

Ranar Asabar da hantsi Ya Kaltum, tsohuwar mai sayen turare a gidan, ta sauka daga keke da kwalabe biyu.

"Hajja, wannan na bara ne, wannan kuma na jiya. Ki shinshina. In dai wannan zan kai bikin 'yata, gara in ƙona bawon lemo."

Hajja ta shinshina, ta ji bambancin. Ba ta taɓa awo da komai ba sai tafin hannunta, haka ta gada daga mahaifiyarta.

Siddiƙa ta ciro ɗan sikeli daga jakarta, wanda aka ba su ranar yaye su.

"Hajja, don Allah ki ɗebo sandal kamar yadda kika saba, ni kuma in auna."

"Hannuna za ki ɗora a sikeli, 'yar nan? Tun ba a haife ki ba yake awo."

Amma ta ɗebo, har sau uku, kuma kowane ɗiba da nauyinsa daban. Yatsun Hajja sun sandare da ciwon gaɓoɓi, ba sa rufuwa kamar da, garin yana zuba ta tsakaninsu ba ta sani ba. Siddiƙa ba ta ce komai a kan yatsun ba. Ta nemi izini kawai ta haɗa 'yan samfura uku, kowane da awon sandal ɗinsa, domin Ya Kaltum ta zaɓi wanda ya yi daidai da na bara.

"Sai an narkar da sukari," in ji Hajja, tana duban murhu, tana dubanta.

"Na sani, Hajja. Ki zauna kusa da ni."

Siddiƙa ta yi bisimilla ta ɗora tukunya. Ba ta yi gaggawa ba. Lokaci-lokaci takan ɗiga sukarin cikin kofin ruwan sanyi, ta murza da yatsa, kamar yadda aka koya musu. Da ya kama, ta rage wuta, ta zuba icen turaren da garin sandal, ta juya har ko'ina ya samu. Haka ta yi wa samfuran uku.

Aka saka su a garwashi ɗaya bayan ɗaya. A na biyu Ya Kaltum ta ɗaga hannu.

"Shi ne! Wallahi shi ne. Hajja, ina kika samo wannan malamar?"

 Hajja ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta juyo ga Siddiƙa.

"Talata nawa kika ce?"

"Ɗaya a wata, Hajja."

"To, ranar ba na son ganinki a gidan nan sai kin ga likitanki. Litinin ki zo da sikelin. Akwai haɗi bakwai a hannun nan, duk sai mun auna su."

Siddiƙa ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta sauke tukunyar daga wuta.