Ranar da Muka Yi Shanya a Ƙofar Hukuma

Shekara talatin da ɗaya ina wanki a filin bayan tasha. Famfo uku ne a wurin, da dakalin siminti da ya yi santsi saboda bugun kaya, da igiyoyi a jere har bakin kwata. Wata safiya muka tarar an kewaye filin da kwanon rufi, an liƙa takarda. Ƙanena ya karanta mana, tunda ni karatuna bai wuce sunana ba. Wai hukumar gari za ta mai da wurin wajen ajiye motoci. Mu sittin da wani abu ne, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Dogo, wanda ya fi mu ƙarfi da zafin kai, ya ce a nemo fetur.

Na ce, "Dogo, in aka ƙona shingen nan, wa za a kama?"

"Wanda ya ƙona mana, Baba."

"A'a. Wanda aka fi hangowa daga nesa. Dubi tsawonka."

Aka yi dariya, maganar wuta ta mutu a nan. Rubuta koke a kwali da alli ba aikinmu ba ne, ihu kuma muryoyinmu sun tsufa. Abin da muka iya shi muka yi. Kowa ya wanke kayan mutane a tsakar gidansa, muka ɗauko su jiƙe a baho bisa kai, muka ɗaura igiya daga turken fitila zuwa bishiya a ƙofar ofishin hukuma, muka shanya.

Ban taɓa ganin titin nan haka ba. Zannuwan gado farare suna kumbura suna saki kamar masu numfashi, riguna suna ɗaga hannu ba kowa a ciki, ƙamshin sabulu da bula ya danne hayaƙin motoci. Ma'aikata suna sunkuyawa ta ƙarƙashin labule su shiga ofis, su fito suna magana ƙasa-ƙasa kamar sun shiga ɗakin mai barci. 'Yan sanda sun zo da barkonon tsohuwa a rataye. Babbansu ya bi layi-layi, ya tsaya gaban wani wandon kaki, ya daɗe yana kallo. Nasa ne. Ya ce da ni, "Baba, a sa masa sitati sosai." Ya kwashi yaransa suka koma inuwa.

A rana ta uku sakatare ya fito ya ce Shugaban hukumar zai gan mu ƙarfe huɗu. Na kife baho na zauna a kai ina jira. Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga iska ta cika zannuwan, titin ya ɗaga a hankali da mu da turakun da komai, muna tafe bisa rufin gidaje, famfunanmu uku suna biye da mu suna zuba, ba mai tsoro.

Ƙamshin ƙasa ne ya tashe ni. Mai wanki da hanci yake jin hadari tun kafin sama ta yi duhu. Ba wanda ya ba da umarni. Mutum sittin suka miƙe lokaci ɗaya, hannu na cire kaya, kafaɗa na ɗauka, kafin ɗigon farko ya zama na goma sun cika bahonsu sun nufi rumfar tasha a guje. Har Dogo, da zanin gado takwas a wuya. Ba wanda ya tuna da ƙarfe huɗu.

Gaskiya ni ma na so tashi. Ƙafata ta dama ce ta mutu saboda daɗewar zama. Sai na gyara hula na zauna kamar da gangan.

Ruwa ya sauko sosai. Can sai ga Shugaba, masinja riƙe masa da laima. Ya dubi titi fayau, igiyoyi suna ɗiga, ya dube ni.

"Baba, ina jama'ar taka?"

"Sun tafi da kayan mutane, ranka ya daɗe."

"Zanga-zangar ta ƙare ke nan?"

"Ta fake ne. In rana ta fito za ta dawo."

Ya yi murmushi. "Kwana uku kuna jirana, kuka tafi saboda rigunan da ba naku ba?"

"Ba namu ba ne shi ya sa. Rabinsu na 'yan ofishinka ne. Da namu ne da mun bar su sun jiƙe."

Ruwa na ta bugun laimar. Ya ce, "Kwana nawa za ku iya wannan?"

"Yallaɓai, muddin mutanen garin nan suna sa kaya suna cirewa."

Ya karɓi laimar daga hannun masinja ya miƙo mini, ya koma ciki yana jiƙewa. Washegari rana ta fito, muka dawo muka shanya, haka jibi, haka gata.

A kwana na tara aka zo aka ja shingen baya. Famfo biyu da rabin filin suka dawo hannunmu, ɗaya rabin aka zuba masa kwalta. Dogo ya ce da mun nuna musu zafi da duka muka samu. Ƙanena ya ce zaɓe ne ya matso. Mai ɗakina ta ce tausayin tsoho jiƙaƙƙe ne kawai, ta dafa mini ruwan zafi, don murar da na kwasa sai da ta yi mako biyu. Ban yi gardama da kowa ba.

Wurin ya yi mana kaɗan, shanya yanzu bi da bi muke yi. Direbobin da ke ajiye motoci a ɗaya rabin kuwa sun fara miƙo mana rigunansu ta saman shingen.