Kwalbar Tamanin

Ashetu ta riga ta karya wuyan 'yar kwalbar, ta zuƙe ruwan maganin duka cikin sirinji, tana ƙyasta shi da farce don iskar da ke ciki ta taso, sai ta ji an dafa mata hannu.

Fadilatu ce, ƙaramar nas ɗin da aka turo ɗakin yara shekara biyu da suka wuce. Ta sassauta murya yadda matar da ke zaune bakin gado ba za ta ji ba, ta kira ta Mma, wato uwa, kamar yadda aka saba kiranta.

"Mma, don Allah bari in ga kwalbar."

Ashetu ta dube ta a kaikaice. Lissafin nan ai ko cikin barci za ta yi shi. Basit jariri ne ɗan wata biyu, nauyinsa kilo huɗu, likita ya rubuta miligiram biyar ga kowane kilo. Biyar sau huɗu ashirin, kwalbar yara kuwa ashirin ce cif. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki a asibitin, rabin nas-nas ɗin da ke Tamale a hannunta suka koyi riƙe sirinji. Duk da haka ta miƙa mata tiren, domin ita ce ta koya musu cewa wanda ya nemi ganin kwalba ba a hana shi.

Fadilatu ta ɗaga kwalbar wajen taga ta juya ta.

"Tamanin ce, Mma. Ta manya aka aiko mana yau. Rabin mil kawai ya kamata a ɗiba."

Ashetu ta karɓa, ta miƙe hannu iya tsawonsa, ta ƙanƙance ido. Rubutun ya ƙi tsayawa, sai ka ce tururuwa a jikin gilashi. Ba ta iya rabe biyu da takwas ba. Girman kwalbar ɗaya ne da wadda ta saba, launin ma ɗaya. Ta dubi jaririn yana numfashi sama-sama, 'yar robar allura a ɗaure a bayan hannunsa. Ninki huɗu ke cikin sirinjin da take riƙe da shi. Ta san abin da maganin nan yake yi wa ƙoda idan ya yi yawa, ta kuma san yana iya barin yaro kurma har ƙarshen ransa.

Ta zubar da shi a kwandon da aka tanada, ta ɗauko sabon sirinji da sabuwar kwalba. Ta sa Fadilatu ta karanta rubutun da ƙarfi, suka sake lissafin a bayan takarda, kowa da nata biro, suka tashi a rabin mil. Sannan ta ce Fadilatu ta yi allurar.

Samiha, uwar yaron, ta tambaya da Dagbanci ko lafiya. Daga Kasalgu ta zo jiya, goye da shi a cikin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, kuma wannan ne ɗanta na fari bayan ɓari biyu. Ashetu ba ta ɓoye mata ba. Ta ce awon farko bai yi daidai ba, abokiyar aikinta ta gani, sun gyara kafin ya shiga jikinsa. Samiha ta riƙe hannun Ashetu da hannu biyu tana ta sa mata albarka, tana cewa tun a unguwa aka gaya mata in dai Mma Ashetu na ɗakin, ta kwantar da hankalinta. Addu'ar nan ta fi zagi yi wa Ashetu ciwo.

Ta shiga ɗan ofishinsu ta zauna. Gaskiyar magana, ta fi shekara tana sane. Zare ya daina shiga allura a gidanta na Aboabo, sai ta ce ƙwan fitilar ne ba shi da haske. Ta canja Alƙur'aninta zuwa mai manyan baƙaƙe, ta ce kyautar ƙanwarta ce ba ta son ta ajiye. A wurin aiki kuwa ta koma gane magunguna da siffa da launi da inda suke zama a aljihun tebur. Tsoronta ɗaya ne: kada a ce ta tsufa, a ɗauke ta daga cikin yara a kai ta ɗakin takardu ta ƙarasa shekarunta tana jera fayil.

Fadilatu ta shigo da wake da shinkafa a ƙunshe cikin ganye, ta ajiye mata, sai ta ga takardar rahoton kuskure a gabanta. Ta roƙe ta ta bari. Ta ce ai babu abin da ya sami yaron, kuma masu ɗakin magani ne suka canja kwalba ba su faɗa wa kowa ba. Ashetu ta ce wannan ma za ta rubuta, domin akwai wasu ɗakunan da aka kai wa irin kwalbar, amma sunanta ne zai zo a sama. Ta ɗauki biro, ta sunkuya, ta ga layukan takardar ma sun haɗe. Sai ta ajiye biron ta tashi.

Ɗakin ido yana can ƙarshen baranda, bayan bishiyar darbejiya. Abdulfatawu, mai awon ido, ya miƙe tsaye da ya gan ta. Ya ce ya daɗe yana jiran wannan rana, tun da ya hango ta a masallacin asibiti tana riƙe da waya nesa da fuskarta kamar mai gudun kada ta cije ta. Ta ce ya yi aikinsa ya rage surutu, ita ta yanke masa cibiya ko ya manta. Ya gwada ta, ya ce idon lafiya lau, shekaru ne kawai, nata tabarau zai fito cikin mako guda. Ya ara mata wani mai baƙin kara, wanda ya ɗan yi mata faɗi.

Bayan azahar ta dawo, ta buɗe fayil ɗin Basit don ta kwafe lambar gado. A nan ta ga abin. Gefen kowane wuri da ta sa hannu jiya akwai wani ɗan mitsitsin harafi da fensir, bai kai ƙwayar gero biyu ba: F. Ta jawo fayil na gaba, yana nan. Ta buɗe babban littafin magunguna ta yi ta komawa baya, shafi bayan shafi, harafin yana biye da sunanta har watan azumin bara.

Ta kira Fadilatu ta sa ta rufe ƙofa. Ta juya littafin ta ɗora yatsa a kai.

Fadilatu ta sunkuyar da kai. Ta ce tun wancan azumin ta lura, ranar da Mma ta nemi ta karanta mata ranar ƙarewar wani magani wai hannunta a jiƙe yake. Daga nan take rigan kowa zuwa, ta jera kwalabe yadda Mma ta saba samunsu, ta bi bayanta tana duba kowane awo. Yau tayar babur ɗinta ce ta sace a Gurugu, ta makara, har aka zuba sababbin kwalabe ba ta gani ba.

"Da tayar ta ƙara minti goma fa?" in ji Ashetu.

Hawaye ya ɗigo a kan farar rigar Fadilatu.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Nauyinki na ji, Mma. Ke kika riƙe hannuna ranar da na fara yi wa jariri allura. Da wane baki zan ce ba kya gani?"

"Da bakin da kika ce in ba ki kwalba yau. Shi ne bakin da yaran nan suke bukata, ba fensir ba."

Ta jawo takardar rahoton ta cika ta a hankali, tana ture tabarau sama duk sanda ya zamo mata kan hanci. Ta rubuta sunanta, ta rubuta abin da ya faru, ta rubuta cewa ta daɗe da sanin idonta ya ragu ba ta faɗa ba. A layin wanda ya gano kuskuren ta rubuta Fadilatu Buraima da manyan baƙaƙe. Ta ce daga yau duk awon da za su yi, a fili za a karanta, kuma da biro Fadilatu za ta sa hannu, cikakken suna.

Fadilatu ta ce to, ta miƙa hannu za ta ɗauki takardar ta kai ofishin babbar nas. Ashetu ta riƙe wuyan hannun, ta jawo ta kusa, ta daɗe tana kallon fuskarta ta cikin sabon gilashin. Sannan ta tura mata ƙunshin abincin da ya riga ya huce.

"Zauna ki cinye tukuna. Ashe haka kika rame."