Gidan Rani

Shekara tara muna haya, shekara tara maigidana yana lissafi. Direba ne, amma in ya riƙe biro sai ka rantse a banki yake aiki.

"Duba nan," ya ce. "Abin da muka zuba a haya ya isa ɗaki uku da tsakar gida."

Na duba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na ji haushi.

Dillali ya kai mu wani gida a gangaren kasuwa, kuɗinsa bai kai hayar shekara biyar ba. Na ce arhar ta yi yawa. Maigida ya ce ni dai ko alheri na gani sai na leƙa ƙarƙashinsa. Muka kwashe ajiyarmu kaf, na sayar da biyu cikin kekunan ɗinkina uku na cika masa. Da rani muka tare.

Abu ɗaya ya dame shi, dokin ƙofa. An gina shi da siminti har gwiwa, babur ba ya shiga. Ya kira magini ya rushe masa. Maginin ya tsaya da guduma a hannu.

"Yallaɓai, ka tabbata?"

"Aiki na kira ka, ko tambaya?"

Sai da na fita zubar da shara na lura kowane gida a layin yana da irin dokin ƙofar da muka rushe.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, maigida yana hanya. Iska ta tsaya cak, gari ya yi duhu da rana tsaka. Na leƙo na ga motocin kaya har uku a layin. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, tana ɗaure katifa da igiya.

"Baba, sayarwa kuka yi?"

"Wa zai saya, 'yar nan? Ɗakin damina za mu. Wata huɗu ne, in ruwan kwata ya janye daga gidajen mu dawo mu kwashe laka."

"Ɗakin damina?"

"Duk mai gida a layin nan haya yake kamawa a tudu." Ta ja igiyar ta ƙulle, sannan ta ɗago ta dube ni, ta dubi yarana biyu da ke riƙe da ni. "Tun wata biyu ɗakunan suka ƙare. Ku a ina kuka kama?"