Filin da Shaho Ya Sauka

Tun kafin ta ga abin ta gane ƙararsa. Maman Kurciya na tsugune cikin albasa tana cire ciyawa, sai ga wani kukan inji kamar na babur da aka shaƙe, yana tahowa ta saman kogi. Ta ɗaga kai. Wata jar lema ce faffaɗa, a ƙarƙashinta keke mai ƙafa uku na lilo jikin igiyoyi, farfela na juyawa a bayansa. Ya zagaya gonar, ya sauko kan busasshen filin da ta kwashe tumatir, ya ɗan gangara ya tsaya.

Matuƙin ya cire hular kwano. Shaho ne.

Shi da mijinta, Injiniya, suka haɗa wannan keken a gareji, suka tsara za su ratsa ƙasar da shi daga wannan iyaka zuwa waccan, suna karɓar juna. Injiniya ya san ƙa'idar abin: da sanyin safiya ake tashi, ko da yamma lis, lokacin da iska ke kwance. Ranar gwaji masu ɗaukar hoto suka makara, ba su iso ba sai da rana ta take. Shaho ya ce ba za a mayar da mutane haka nan ba, ya yi ta zuga har Injiniya ya hau. Bai wuce tsayin bishiya ba iska ta naɗe gefen lemar. Ƙugunsa ya karye. Da goyon Kurciya a bayanta ta yi jinyarsa, zuwan da Shaho ya yi asibiti kuwa makullin gareji ya zo karɓa. Tun daga nan gonar da ta gada ce ke riƙe da gidan.

Ga shi yau Injiniya na ɗingishi cikin kunyoyi yana dogara sanda, baki har kunne.

"Yaya!" Shaho ya rungume shi. "Hanyar da ka zana nake bi, ban canza ko ɗaya ba. Na ce dole in sauka a filinka."

"Filinta ne," in ji Injiniya, yana shafa ƙarfen keken kamar mai shafa kan ɗansa.

"Matar yaya, ba gaisuwa? Ko har yanzu fushin ne?"

"Sannu da zuwa," ta ce, ta ci gaba da cire ciyawarta.

Kafin rana ta faɗi direban da ke bin Shaho ta ƙasa da jarkokin fetur ya iso da a-kori-kura. Maman Kurciya ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ta kawo abinci, ta koma bakin ƙofar kicin tana ji. Shaho ke zuba. Ya ratsa daji, ya ratsa gari, gobe zai haye duwatsu, daga nan sai iyaka inda jama'a ke jiransa da kyamarori.

"Goben nan ce kaɗai," in ji Direba. "Daga tsakar rana iska za ta taso, an ce za ta daɗe ba ta kwanta ba. Kuma sharaɗin masu shirya tafiyar, inda ya sauka nan zai tashi. In keken nan ya hau bayan mota, shi ke nan, tafiya ta ɓaci."

"Kai dai tsoro," in ji Shaho. Ya jawo Kurciya, wadda tun ɗazu take zagayen hular kwanonsa. "Ke 'yar Baba, kin taɓa ganin rufin gidanku ta sama? Gobe kafin in wuce zan ɗora ki a kujerar baya mu zaga kogi."

Yarinyar ta daka tsalle. Maman Kurciya ta dubi mijinta, tana jira ya ce a'a. Shi kuwa 'yarsa yake kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Da safe iska a kwance take," ya ce a hankali. "Ta ga abin da ubanta ya haɗa."

Ta tare shi a ɗaki. "Baban Kurciya, mutumin da ya mayar da kai haka za ka miƙa wa 'yata?"

"Ni na hau da ƙafata, ba wanda ya ɗaure ni."

"Ni na ɗauke ka da bayana kuma. Shi yana ina?"

"Ki bar tone-tone. Na riga na amsa masa."

Ta juya ta fice daga ɗakin.

Gari na fara wayewa ta ɗauki fartanya ta gangara kogi, kamar kullum. Ta ja igiyar injin ban ruwa, ya kama. Ba wanda zai farka saboda shi, ƙarar kowace safiya ce. Ruwa ya biyo hanyarsa zuwa albasa. A mararrabar da ya saba karkata ta tsaya, ta tara laka ta toshe ɓangaren albasar, sannan ta sari bakin da ke kallon busasshen filin.

Ta san ƙasar nan. In ta bushe mota ma takan bi ta kanta, in ta sha ruwa kuwa takalmi take cire wa mutum. Ta tsaya tana kallon ruwan na shimfiɗuwa, yana cika tsagogi, har ya kai ƙarƙashin tayoyin keken. Ta tuna daren da take juya mijinta a gadon asibiti yana cije leɓe don kada ta ji. Ta ƙara faɗin saran.

Rana ta ɗan leƙo suka fito, Kurciya a gaba, hular kwano ta rufe mata ido. Shaho ya taka filin, ƙafarsa ta nutse har idon sawu.

"Kai! Wane ne ya yi wannan?"

"Ni ce," ta ce daga kan kunya. "Ban ruwa nake."

"Ban ruwa a fili ba shuka? Matar yaya, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Tun jiya na sani. Direbanka ya yi bayani dalla-dalla."

Direba ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

Shaho bai haƙura ba. Suka shimfiɗa lemar a bayan keken, ya hau shi kaɗai, ya ba inji wuta. Farfela ta kwashi laka ta watsa wa lemar. Tayoyin baya suka ɗan motsa, na gaba ya kafe. Lemar ta ɗago da ƙyar, ta yi nauyi, ta kife cikin taɓo. Suka tura, suka ja, suka sa katako. Duk inda suka matsa ruwa ya riga su. Gonakin maƙwabta kuwa kunyoyi ne da bishiyoyi, ba inda keke zai yi gudu. Suna cikin haka ganyayen bakin kogi suka fara kaɗawa.

Ya taho wajenta, laka har gwiwa. "Shekara nawa ina shirin nan! Mutane na jirana!"

"Wancan karon ma mutane na jira," ta ce. "Sai ka tashi mana. Ai ka ce iskar rana ba komai ba ce."

Ya juya ga Injiniya. "Yaya, ba za ka yi magana ba?"

Injiniya ya dubi filin, ya dubi matarsa. "Na gaya maka filinta ne."

Da hantsi suka kwance lemar, suka tattaro ma'aikatan gonar maƙwabci aka cicciɓi keken zuwa bayan a-kori-kura. Shaho ya shiga gaba bai yi sallama ba.

Kurciya ta zauna a gindin mangwaro tana shessheƙa. Uwar ta je ta durƙusa za ta share mata hawaye, yarinyar ta ture hannun.

"Ba ruwana da ke! Mugunta kika yi!"

"Na ji," in ji uwar. "Ki yi fushinki, ina nan."

Ta miƙe ta koma kogi. Albasa ba ta sha ruwa ba tun safe, ga rana ta fara zafi.