Gangar Ovide ta Ƙarshe

Ni dai har gobe ban yafe wa Kerwin ba. Duk mai cewa in yafe, ya fara zuwa ya shinshina abin da na shinshina a zauren tabarmu, sannan mu yi magana.

Kerwin mijin Odile ne, 'yar yayana Ovide. Ba ɗan bakin kogin nan ba ne, daga birni Odile ta kwaso mana shi, da gajeren wando da hular da yake juya bakinta baya. Yana da fara'a, ban hana shi ba. Amma irin mutanen nan ne da in suka ga abu a tsaye ba ya motsi, sai su ɗauka ba ya aikin komai.

Bara gangar taba ɗaya tak Yaya Ovide ya iya dannawa, don ƙirjinsa ya fara ba shi wahala tun lokacin shuka. Ni da shi muka zauna muka zare jijiyar ganyen ɗaya bayan ɗaya, muka yayyafa masa ruwa, muka jera a tsohuwar gangar wuskin da babanmu ya bari, wadda cikinta ya yi baƙi ƙirin da ruwan tabar shekara da shekaru. Ya ɗora murfin katako, ya kafa jak irin na ɗaga mota tsakanin murfin da azarar rufi, ya yi ta murɗawa har ganga ta soma ƙara, baƙin ruwa ya tsattsafo ya rufe ganyen. Abin da ke nunar da tabarmu ke nan. Ba wuta, ba sukari, nauyi ne kawai. Ganye ya zauna cikin ruwan jikinsa shekara guda iska ba ta taɓa shi ba, sai ranar da za a fito da shi a juya, a mayar a sake dannawa.

Da ya gama murɗawa ya jingina da gangar yana haki, ya ce, "Lali, wannan ce ta ƙarshe. Kuma ita ce za ta rufe wa Honoré baki."

Honoré maƙwabcinmu ne, gonarsa na jikin tamu. Tun zamanin iyayenmu, duk gidan da ya buɗe ganga, lofen farko na maƙwabci ne, shi zai fara kunnawa ya faɗi abin da ya ji. Su kuwa waɗannan tsofaffin biyu, tun suna samari suka mayar da abin fagen zagi. Honoré ya ja hayaƙin ta Yaya ya ce kamar an ƙona shimfiɗar doki. Yaya ya ja ta Honoré ya yi tarin ƙarya, ya tambaya ko gonar barkono ya shuka bana. Babu wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa ka fi ni, kuma Yaya ya rantse sai ya ji kalmar nan kafin a rufe shi.

Tsakiyar zafi ƙirjin ya kayar da shi. Aka kai shi asibitin birni aka yi masa aiki, na tare a can ina jinya, abin ya ja mana lokaci. Kullum in ya farka sai ya tambayi gangar, ni kuma in ce tana nan ƙarƙashin jak, wa zai taɓa ta? Da likita ya ce an kusa sallamarsa, na riga shi dawowa don in share gida.

Tun daga ƙofar zauren na san da matsala. Zauren da ganga ke nuna a ciki ƙamshin busasshen ɓaure yake yi, da ɗan tsami-tsami mai daɗi. Abin da ya doki hancina ranar nan warin jiƙaƙƙen tsumma ne. Na duba, ba jak. Murfin ya taso ya karkace, ruwan ya tsotse, ganyen ya kumbura, fumfuna fara da shuɗiya ta bi shi. Na cusa hannu har gwiwar hannu ina fatan ƙasan ya tsira. Ina! Duk ya mutu.

Ban ma wanke hannun ba na nufi gidan Odile. Ga kwalekwalen kamun kifin Kerwin a tsakar fili bisa 'yar tirelar da ake jansa da ita, ƙafa ɗaya a cire, ga jak ɗin Yaya a ƙarƙashi ya tallafe ta. Shi kuma gogan yana kan kujera yana ɓare gyaɗa.

"A'a, Gwaggo! Saukar yaushe? Ya jikin Baba?"

"Wa ya ba ka jak ɗin nan?"

"Au, wannan? Ai aro na yi. Sauran da ke zauren duk sun yi tsatsa, shi kaɗai ke murɗuwa. Na ga tsaye kawai yake a kan ganga."

"Tsaye kawai yake?"

"To ai na bar murfin a kai, Gwaggo. Har bulo na ɗora."

Bulo! Jama'a, bulo! Nauyin da ke sa azara ta yi kuka, shi wannan bawan Allah ya musanya da bulo ɗaya, kuma ƙafar tirelar ma bai gyara ba har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Na ɗaga masa hannuna mai fumfuna har kusa da hancinsa, na ce ya shinshina. Ya ja baya yana yamutsa fuska, wai ai taba ce, in an shanya ta a rana za ta dawo daidai. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba, har Odile ta fito tana kuka tana cewa in rufa musu asiri, zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba. Wannan kam gaskiyarta, kuma shi ya fi ƙona min rai.

Abin da na yi da yammacin nan, ban taɓa zaton ƙafata za ta yi shi ba. Na tsallaka gona na je wurin Honoré. Na same shi a zaurensa, na faɗa masa komai. Na shirya jin dariya, amma tsohon nan sai ya cire hula ya zauna a kan buhu.

"Gangar babanku?"

"Ita."

"Kai, tir! Yaron nan a ɗaure shi a jikin kwalekwalen a tura kogi." Sannan ya kira cikakken sunana ya ce, "To me kike so, Eulalie?"

"Ka san abin da nake so. Kada ka sa in faɗa."

Ya tashi ya kwance jak ɗin gangarsa mafi kyau, ya ɗebo min damƙi mai yawa, baƙi sitik yana sheƙi. Da zan tafi ya ce, "Ranar ɗanɗanawa zan zage ta kamar kullum. In na yaba, zai gane."

A gida na yanka ta siriri, na gauraya da jan ganyen tabar Virginia mai zaƙi yadda Yaya ke yi, baƙar kaɗan kamar yaji a miya. Na zuba a tsohuwar jakar fatarsa, na garƙame zauren da kwaɗo.

Ranar da aka sallamo shi, ko shinkafa da jan waken da na dafa bai kalla ba. Aka zaunar da shi a baranda da bargo a ƙafa, ya rame har wuyan rigarsa na yawo. Na ce masa na buɗe gangar na haɗa masa da kaina, tunda likita ya hana shi wahala. Odile ta ce ai likita ya hana lofen ma. Ya ce likitan ya zo ya ƙwace. Sannan ya ce a kira masa Honoré.

Honoré ya zo da lofensa a aljihu, ya dubi Yaya sama da ƙasa.

"Ashe ba ka mutu ba."

"Ina zan mutu in bar ka kana cutar mutane da barkono? Zauna ka sha taba yau."

Honoré ya cika lofe, ya danna da babban yatsa, ya ƙyasta ashana. Ta kama a karo ɗaya. Hayaƙin ya tashi a hankali, mai kauri, ya tsaya a ƙarƙashin rufin baranda. Daga inda nake tsaye na ji shi: zaƙin jan ganyen a gaba kamar burodi a tanda, bayansa ɓaure da busasshen inabi, can ƙasa kuma ɗan ƙamshin itacen ganga. Yaya ma ya cika nasa ya kunna. Ya ja, ya riƙe, ya sako ta hanci, idonsa a lumshe. Taba ce mai ci a sannu, ba ta cizon harshe, tukunyar lofen ba ta zafi a hannu, tokarta fara tas.

"To?" in ji Yaya. "Muna saurare."

Honoré ya gyara murya. "Wato… kamar an ƙona…" Sai ya tsaya. Ya sake ja. Ni na ga abin da ke faruwa: tabarsa ce, mafi kyau da ya taɓa dannawa, bakinsa ya ƙi zaginta. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"An ƙona me? Ƙarasa mana."

"Ba a ƙona komai ba," in ji Honoré da ƙyar. "Taba ce. Ban taɓa shan wadda ta kai ta ba."

"Ban ji ba, asibiti ya taɓa min kunne."

"Na ce ban taɓa shan irinta ba!"

"Wato na fi ka."

Honoré ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya dubi ramammen hannun Yaya a kan bargo, ya ce, "Ka fi ni, tsohon banza. Ka ji daɗi?"

Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Suka zauna suka shanye lofensu har ƙasa, babu wanda ya sake kunna ashana. A nan ne Kerwin, wanda bai san an yi musanya ba, ya matso kusa da ni ya raɗa min, "Kin gani, Gwaggo? Duk faɗan nan a banza. Wa ya sani ma ko iskar da ta sha ce ta ƙara mata daɗi." Na rantse da Allah, tiren kofi ne a hannuna ya cece shi.

Da Honoré ya tafi, Odile ta ja mijinta suka shiga kicin, aka bar ni da Yaya. Ya ƙwanƙwasa lofen a tafin hannu, ya zubar da tokar.

"Lali."

"Na'am, Yaya."

"Honoré har yanzu yana cika wa ganye ruwa kafin ya danna. Shi ya sa yajinsa ke tsayawa a bayan hanci. Tawa a maƙogwaro take sauka."

Na zauna a kan matakala. "Tun yaushe ka gane?"

"Tun jan farko. Kin ɗauka ƙirji aka yanka min ko harshe?"

"To me ya sa ka bar shi ya…"

"Ai kin ji ya faɗa. A gaban shaidu." Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Tabarsa ta yi kyau bana, ja'irin. Kada ki gaya masa." Ya juya ya kalli zauren da kwaɗon da na sa. "Tawa fa?"

Ban iya yi masa ƙarya ta biyu ba. Na ce an cire jak, iska ta shiga. Bai tambayi wanda ya cire ba. Daga barandar ana hango filin gidan Odile, kuma idonsa ƙalau yake.

"Ɗebo min kaɗan."

"Yaya, ba ta shaƙuwa ma, balle sha."

"Na ce ki ɗebo."

Na je na buɗe zauren, na tono daga tsakiya inda fumfunar ta yi sauƙi, na kawo masa. Ya murza ganyen ya kai hanci, ya daɗe a haka. Sannan ya cusa shi a lofe, ya danna da yatsa a hankali yadda yake yi kullum, ya sa a baki. Bai nemi ashana ba. Ya zauna yana kallon gonar da ba zai sake shukawa ba, hawaye na bin gefen hancinsa, bai share ba.

Ni ban yi kuka ba. Na sauka daga baranda na miƙe zuwa gidan Odile, na durƙusa a ciyawa, na kama hannun jak ɗin na yi ta murɗawa baya. Tirelar ta karkata, kwalekwalen ya sulale ya daki ƙasa, na ji wani abu ya tsage a cikinsa. Kerwin ya fito a guje yana ihu, "Gwaggo! Jirgina! Me kika yi?"

Na ce, "Na ga tsaye kawai yake. Nemi bulo."

Jak ɗin ya fi ƙarfin ɗaukata, don haka a ƙasa na ja shi har zaure. Na goge shi, na shafa masa mai, na jingina shi a jikin gangar babanmu. Da na fito, Yaya na nan a baranda da lofen a bakinsa.